Makami Mai Linzami Ba Ya Sallama

A Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan, samari da yawa sun zama matuƙan jirgin yaƙi a cikin waya da kwamfuta. A wasanni irin su Ace Combat, da zarar abokin gaba ya harbo makami mai linzami sai ƙararrawa ta kaɗa, allo ya yi ja, kibiya ta nuna inda makamin ya fito. Yaro ya danna maɓalli, ya karkata, ya tsira. Daga nan in aka ji an kakkaɓo jirgin soja sai a fara cewa matuƙin ne bai iya ba. To, wannan magana tana bukatar gyara.

Na'urar gargaɗi da aka fi sani a jiragen yaƙi kunne ce kawai. Aikinta sauraron radar ɗin abokan gaba. In radar ta haska jirgin, sai ta shaida wa matuƙi irin radar ɗin da kuma wajen da take. Makamin kansa ba ta ganinsa, sai dai ta yi kirdado daga yadda sautin radar ya sauya. Masu harbi kuwa sun san haka sarai. A ran 2 ga Yuni 1995 sojojin Sabiyawa a Bosniya suka bar radar ɗinsu a kashe sai da jirgin F-16 na Amurka ya matso, sannan suka kunna, suka harba SA-6 ta cikin gajimare. Matuƙin, Scott O'Grady, ya diro da lema, ya yi kwana shida yana ɓuya a daji kafin a ceto shi.

Wanda ya fi wannan haɗari shi ne makamin da ake saɓawa a kafaɗa, irin su Strela na Rasha da Stinger na Amurka. Shi zafin injin jirgi yake bi, ba ya fitar da wani sauti da waccan na'ura za ta ji. Sai an ɗaura wa jirgi wata na'ura dabam mai idanu, wadda ke hangen harshen wutar da ke bayan makamin. Ba kowane jirgi ke da ita ba. Inda take ma takan yi ƙarya, don hasken walda ko gobara a ƙasa na iya tayar da ita. Makamin kuma ya fi sauti gudu, daga kilomita uku ko huɗu ake harbo shi, watau daƙiƙoƙi kaɗan ne tsakanin gargaɗi da mutuwa. Garwashin wutar da jirgi ke watsawa don ruɗa makamin ƙidayayye ne, yana ƙarewa, sababbin makamai kuma sun iya bambance shi da inji.

Jiragen fasinja galibi ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan. A Nuwamba 2002 aka harba wa jirgin kamfanin Arkia na Isra'ila makamai biyu yana tashi daga Mombasa a Kenya, Allah ya sa suka kuskure. A Nuwamba 2003 aka sami jirgin kaya na DHL a fiffike a Bagadaza, matuƙansa suka sauke shi da ƙarfin inji kaɗai bayan linzaminsa ya mutu.

Zancen bai yi nisa da gida ba. A ran 18 ga Yuli 2021 'yan bindiga suka harbo jirgin Alpha Jet na mayaƙan saman Nijeriya a yankin Zamfara, matuƙinsa Abayomi Dairo ya diro da lema ya tsira. Da manyan bindigogi aka same shi daga ƙasa, harsashi kuwa ba ya kunna radar. Tun faɗuwar gwamnatin Gaddafi a 2011 kuma ake fargabar makaman kafaɗa da suka ɓace daga rumbunan Libiya su gangaro ta Hamada.

Saboda haka duk wanda ya bar iyaye a Zamfara ko Katsina ko Borno ya zo neman abinci kudu, ya kamata ya san tambayar da zai yi wa wakilansa a majalisa. Jiragen da ake saye, suna zuwa da na'urar hangen makami? Ana gyaranta a kan lokaci? Matuƙa na samun isasshen horo? Wa ke tsaron iyaka don kada makamin ya shigo tun farko? Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.

Wasa yana da amfaninsa, sojoji ma da na'urar kwaikwayo suke koyo. Amma mai wasa in an harbo shi sake farawa yake yi. Matuƙin da ke shawagi a kan dajin Zamfara ransa ɗaya ne, ya cancanci a yi masa adalci kafin a yanke masa hukunci a teburin mai shayi.