A Fara Da Dara

'Yan'uwana ɗalibai, akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin samarinmu, wadda ni kam ban yarda da ita ba. Wai ɗan Turba ko ɗan Sabon Birni ba shi da rabo a sana'ar ƙirƙirar wasannin waya, sai in ya mallaki babbar kwamfuta, ya tare a Legas, ya kuma iya kwaikwayon wasannin harbe-harbe na ƙasashen waje. Wannan zance ragwanci ne aka naɗa wa rawani.

Mu duba Ludo King, wanda yaranmu ke raba dare suna bugawa. Wani kamfanin Indiya ne ya fito da shi a 2016, asalinsa kuwa tsohon wasan kakanninsu ne mai suna pachisi. Haka nan Flappy Bird, mutum ɗaya ne tak, Dong Nguyen na ƙasar Biyetnam, ya yi shi a 2013, ya game duniya. To, mu Gobirawa me muka rasa? Ga dara nan a gindin kowace bishiya: gurbi 30, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, wanda ya jera uku ya ci ɗan abokin karawarsa, ba a kuma jera huɗu. Waɗannan ƙa'idoji su ne ainihin darasin farko na mai koyon rubuta umarnin kwamfuta, watau a koya wa na'ura ta ƙirga, ta gane jeri, ta hana magudi. Wanda ya iya sa dara a waya ya kama hanya.

Masu cewa babu kayan aiki, ina amsarsu? Manhajar Pocket Code, wadda aka yi a wata jami'a ta birnin Graz a ƙasar Ostiriya, kyauta ce, kuma a kan wayar hannu ake harhaɗa wasa da ita, kamar mai jera tubali. In hannu ya faɗa, sai a matsa zuwa Godot, wanda aka sake wa jama'a kyauta tun 2014, yana kuma aiki a wayar Android. Kuɗin rajistar sa wasa a Google Play dala 25 ne, sau ɗaya ake biya. Kafin nan ma, ana iya tura wasan daga waya zuwa waya a tasha ko a kasuwa, a ji ta bakin masu bugawa.

Na san za a ce mini ƙasarmu na cikin wuta, ina zancen wasa? Gaskiya ne, ɓarayin daji sun addabi Isa da Sabon Birni, har a watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, namu na ciki. Amma wannan hujja tawa ce. Wanda ya ɗanɗana rashin layi shi ya fi kowa sanin amfanin wasa mara nauyi, mai aiki ba intanet, mai magana da Hausa. Mutumin Legas ba zai yi mana shi ba, don ciwon ba a jikinsa yake ba. Sa'an nan saurayin da gona ta gagare shi zuwa, ai gara a ba hannunsa sana'a da a bar shi zaman kashe wando.

Dattawa masu kiran abin shiririta, ina roƙonsu da girmamawa su lura: yaran nan fa ba za su daina wasa da waya ba. Abin tambaya kawai, wasan wa za su buga, kuma aljihun wa zai cika?

Saboda haka ina kira ga wannan ƙungiya tamu, kada aikinta ya tsaya ga waƙa da wasan kwaikwayo. Masu nazarin Hausa su je wurin tsofaffi su rubuto ƙa'idojin dara da kalmominta, ɗaliban kimiyyar kwamfuta su zuba su a waya, kafin ƙarshen zangon karatu a gwada abin da aka yi. In muka yi sake, wata rana baƙo zai sayar mana da dararmu, ranar nan kuwa dara ta ci gida.