RA'AYINMU: A Tambayi Uwa, a Kuma Tambayi Kaka

Duk ɗalibin da ya je hutu Talata Mafara, ko Bakura, ko Maradun, zai ci karo da ma'aikata riƙe da takardun tambayoyi suna bin gida gida, wai suna auna abin da iyaye suka sani game da renon yara ƙanana. Wannan mujalla tana goyon bayan aikin. Masana sun tabbatar da cewa kwana 1,000 na farko, daga shigar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu, su ne ginshiƙin girman jikinsa da ƙwaƙwalwarsa. Mu 'yan Zamfara kuwa mun ga abin da rashin sani ke jawowa. A shekarar 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, domin ana daka duwatsun zinariya a tsakar gida, inda yara ke rarrafe, ba wanda ya san ƙurar nan guba ce.

Amma fa muna da ƙorafi a kan yadda ake awon. Wa ake tambaya? Galibi uwa kaɗai. Alhali a garuruwanmu mai haihuwar fari ba ta da ta cewa, kunya ma ba za ta bari ta ambaci sunan ɗanta ba. Kaka ce ke cewa a matse dakashi a zubar, ita ce ke ba jariri ruwa tun bai cika wata shida ba, ita ce ke aikawa a kira wanzami ya cire beli. Da rana kuma yarinya 'yar shekara bakwai ce ke yawo da goyo. Maigida, wanda cefane ke hannunsa, yana gona ko kasuwa sa'ad da mai takarda ya zo. To, sanin wa aka auna?

Sa'an nan a bambanta rashin sani da rashin hali. Binciken da ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi a Shinkafi da Zurmi a 2024 ya nuna yaro ɗaya cikin huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar yana fama da tamowa. Matar da 'yan bindiga suka raba da gonarta ta san ƙwai da wake suna gina jiki. Ba ta da su ne kawai. In an rubuta ta cikin jahilai an zalunce ta, an kuma ba hukuma mafaka.

Muna kira ga 'yan'uwa ɗalibai, musamman mata, waɗanda ƙofar kowane gida a buɗe take gare su, da su shiga wannan aiki lokacin dogon hutu. A tsara tambayoyin da Hausar da ake yi a can, da Fulatanci inda ya kamata, a zauna da kaka a kan tabarma. In an gama kuma, a koma ƙauyen a faɗa wa mutane abin da aka gano, kafin a kai rahoto Gusau.