Darasin Natsuwa Daga Ramin Silkyara

Sau da yawa idan aka ambaci yoga, sai mutane su ɗauka lanƙwasa jiki ne kurum, irin wanda akan nuna kowace ranar 21 ga Yuni, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe masa tun 2014. A ganina wannan ɓawo ne, ƙwayar tana ciki.

Ranar 12 ga Nuwamba, 2023, wani ramin hanyar mota da ake haƙawa cikin dutse a Silkyara, jihar Uttarakhand ta ƙasar Indiya, ya rufta, ya toshe wa ma'aikata 41 mafita. Kwana 17 suka yi a ciki, ana tura musu abinci ta bututu. Injin da aka ɗora wa rai ya karye a tsakiyar aiki, sai da aka koma tonon hannu kafin a fito da su ranar 28 ga watan. Cikin wannan zaman jiran da ba su san ranar ƙarewarsa ba, yoga da tattaki na daga abubuwan da suka riƙa yi don kada hankalinsu ya gushe.

Wannan ba abin mamaki ba ne. Patanjali, malamin Indiya na zamanin da, wanda ya tsara wannan ilmi, ya kasa shi matakai takwas. Zaman jiki na uku ne kawai, sarrafa numfashi na huɗu. Manufa ita ce kwantar da kai-komon zuciya, ta hanyar naci ga aiki da kuma sakin abin da ba ya hannun mutum.

Wasu za su ce ai masu haƙa ne suka cece su, ba numfashi ba. Gaskiya ne. Amma wanda firgita ta cinye ba ya jin umurnin mai ceto, ba ya kuma iya ƙarfafa na kusa da shi. Natsuwa daban, ƙeƙasar zuciya daban. Mutanen nan ba su rufe zukatansu ba: sun yi ta hira da juna, suna magana da iyalansu ta bututu.

Saboda haka, ya kai ɗalibi mai jiran sakamakon jarrabawa, da kai ma'aikaci mai jiran takardar canjin wurin aiki, ku yi abin da ke hannunku yau, kada fargabar gobe ta sa ku juya wa mutane baya. Mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa.