Moto mai lantarki: a yi lissafin batir kafin a zuba jari

Tun bayan ƙarancin man fetur na watan Maris na 2025, lokacin da jama'a suka riƙa kwana a layi gaban gidajen mai a Yamai da sauran manyan garuruwanmu, maganar moto da keke masu aiki da lantarki ta shiga bakin ƴan kasuwa. Masu zuwa kasuwa kullum daga nesa, maza da mata, su ne suka fi kasa kunne, domin ranar da babu mai ranar ce babu ciniki. Tambayar da ake yi ita ce: shin wannan abin hawa zai fisshe mu?

Ya kamata mu tuna yadda aka zo nan. Shekara da shekaru, jihohin Maraɗi da Damagaram da Tawa da man ƴan ruwa-ruwa suke tafiya, wanda ake shigowa da shi daga Nijeriya da araha. Ranar 29 ga watan Mayu na 2023 gwamnatin Nijeriya ta janye tallafin mai, farashi ya tashi can, na kwalba ya yi tsada nan, kowa ya koma gidan mai. Matatar SORAZ kuwa, wadda aka buɗe a 2011, ganga 20,000 aka gina ta ta tace a rana, alhali motoci da baburan ƙasa sai ƙaruwa suke. A watan Yuli na 2024 gwamnati ta sauke litar fetur daga tamma 540 zuwa 499. Talaka ya ji daɗi, amma araha ba ta ƙara yawan man da ake da shi ba.

To, mu ɗauki misalin mai kayan miya da ke tasowa daga Mirriya zuwa kasuwar Dole ta Damagaram. Kilomita 18 ne zuwa, 18 dawowa, idan an haɗa da zirga-zirgar cikin gari a ce 40. Ƙaramin moto na fetur kusan lita ɗaya zai sha, wato dala ɗari ba tamma guda. Na lantarki mai ɗauke da mutum da kaya zai ci wutar da ta kai kamar kilowat 2. In mun ƙaddara kilowat ɗaya a kan tamma 100, caji ya tashi 200. Rarar da ta rage ita ce tamma 300 a rana, jika 7 da tamma 800 a kwanakin aiki 26, kimanin jika 94 a shekara. A ƙara da kuɗin canjin baƙin mai da gyaran inji da za a huta da su.

Wannan rara ba abin rainawa ba ce, sai dai akwai mai jiran ta a gaba, shi ne batir. Duk abin da aka tara, ranar da batir ya mutu za a fiddo shi. Saboda haka tambaya ta farko ga dillali ita ce nawa sabon batir yake, kuma a wane shago ake samun sa a garin nan. In kuɗinsa ya zarce rarar da za a tara kafin ya mutu, an yi cinikin biri a sama.

Batir iri biyu ne. Akwai na dalma, ɗan uwan na mota. Shi ne mai araha, shi ya sa ya fi yawa cikin ƙananan baburan da ake kawowa daga Sin. Yana da nauyi, domin jerin guda biyar ya kan haura kilo 30, cajinsa na ɗaukar awa 6 zuwa 8, kuma bayan caji 300 zuwa 500 ƙarfinsa ya tafi. Ga mai cajin kullum, shekara ɗaya da ƴan watanni ke nan. Zafin watan Afrilu da Mayu, da ke kaiwa digiri 45, yana ƙara gajarta masa kwana. Sai na litiyom, wanda ya fi tsada nesa ba kusa ba, amma nauyinsa bai fi kashi ɗaya cikin uku na wancan ba, ana iya cire wasunsa a shiga da su ɗaki, kuma nau'in da aka rubuta wa LFP ya kan kai caji 2,000, ya kuma fi jure zafi. Ga mai tafiya mai nisa kowace rana, a ganinmu mai tsadar shi ne mai arahar.

Nisan da aka rubuta jikin kwali kuma kada ya ruɗe mu. Da mutum ɗaya marar nauyi ake gwada shi, a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, babu buhun albasa a baya, babu rairayi. Akwai lissafi mai sauƙi da kowa zai iya yi a gaban mai shago. A jikin batir akwai lambobi biyu, ɗaya da harafin V, ɗaya da Ah. A ninka su. Batir mai 48V da 20Ah ya ba da 960. Moto mai ɗauke da kaya yana cin kamar 40 a kowane kilomita, ke nan wannan batir bai wuce kilomita 24 ba. Mai tafiyar Mirriya yana bukatar abin da ya kai 2,000, kamar 72V da 30Ah, domin ya dawo gida da saura. Batir kullum raguwa yake, wanda ya kai ka da ƙyar yana sabo, bayan wata shida tura shi za ka yi.

Hanya ma tana da tata magana. Keke mai ɗan injin wat 250 zuwa 500 ya isa ga mai bin titi cikin gari da ɗan ƙunshin kaya. Wanda hanyarsa ke da yashi ko kwazazzabai, ko mai ɗauko zogale da tumatir daga garake, ya nemi mai ƙarfin wat 1,500 ko fiye, mai manyan tayu da ƙarfen baya mai ƙwari. Yawancinsu injin cikin tayar baya yake, don haka kutsawa cikin ruwan damina haɗari ne gare shi, kuma ba kowane mai faci ya iya kwance wannan taya ba.

Sai babbar magana, wato wutar kanta. Kimanin mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki a ƙasar nan, a karkara kuwa abin bai kai haka ba. Ba mu manta da watan Agusta na 2023 ba, sa'ad da Nijeriya ta yanke wuta saboda takunkumin CEDEAO, a lokacin da kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da NIGELEC ke rabawa daga can take zuwa. Ba a maido ta ba sai a watan Maris na 2024. Tashar hasken rana ta Gorou Banda mai megawat 30 ta rage wa Yamai zafi, amma madatsar Kandaji ana nan ana jira. Wanda ya guje wa layin mai ya dogara ga wutar da ke zuwa ta tafi, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago.

Amma ɗan kasuwa yana da wata dama da direba ba shi da ita. Motonsa a ajiye yake wuni tun hantsi har la'asar, daidai lokacin da rana ke tsaka. Allon hasken rana mai wat 300 yana ba da kamar kilowat ɗaya da rabi a wuni a ƙasarmu. Guda biyu a kan rufin shago, da na'urar da ta dace, sun isa cika batir kafin a tashi. Masu rumfuna kusa da juna suna iya yin adashi su haɗa na tarayya. Gargaɗi ɗaya: kada a bar batir a jone cikin shago a kulle a tafi gida, kuma kada a yi amfani da cajar da ba tasa ba. Wutar litiyom tana da wuyar kashewa, kuma waɗanda suka ga gobarar ƙaramar kasuwar Yamai a 2012 sun san abin da dare ɗaya ke iya ci.

Maƙwabta sun bi wata hanya. A Benin da Togo, tun 2022 kamfanin da yanzu ake kira Spiro ya kafa tashoshin musanya: ɗan kabu-kabu ya miƙa batir da ya ƙare, a ba shi cikakke cikin ƴan mintoci, ya biya kuɗin caji, batir kuwa na kamfani ne. A Kigali ta Ruwanda, tun watan Janairu na 2025 an daina yi wa sababbin baburan haya masu fetur rajista. Muna kira ga hukumominmu da su duba harajin duwan a kan batir mai inganci, su hana shigo da tsofaffin da aka sake wa fenti, magadan gari kuma su keɓe wurin caji mai tsaro a bakin kasuwanni.

Kafin wannan ya samu, shawararmu ga ƴan uwa ƴan kasuwa ita ce a auna nisan hanya, a ninka lambobin batir, a karɓi takardar garanti a rubuce, a tabbatar akwai mai gyara a gari. Wanda ke da wuta ko hasken rana a gida ko a shago, hanyarsa kuma mai kyau ce, zai ci riba. Wanda ba shi da ko ɗaya, ya riƙe tsohon motonsa tukuna, jarin ya zauna cikin kaya. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka.