Ba Kyamara Ce Ta Ƙone Ƙauyukan Zamfara Ba

Akwai wata magana da ta samu gindin zama a bakin jami'an gwamnati, har ta gangaro majalisun hira da tashoshin mota: wai duk gidan talabijin da ya nuna fuskar ɗan bindiga, ko ya bari aka ji muryarsa, tallata shi ya yi, don haka ya cancanci hukunci. Mutanen kirki da yawa sun karɓi wannan magana saboda zafin abin da 'yan fashin daji suka yi musu. Ni ban karɓe ta ba, kuma abin da ya faru da gidajen talabijin na Najeriya a 2022 ya ishe ni hujja.

A watan Maris na shekarar, Trust TV ta nuna shirin bincike kan fashin daji, wanda a ciki aka zauna da jagoran 'yan bindiga Bello Turji aka yi masa tambayoyi. A ƙarshen Yuli sashen BBC Africa Eye ya fitar da nasa, wanda Yusuf Anka, ɗan asalin Zamfara, ya shiga daji ya haɗo. Ministan yaɗa labarai na lokacin, Lai Mohammed, ya fito ya ce an kambama ta'addanci. Ranar 3 ga Agusta hukumar kula da kafafen yaɗa labarai, NBC, ta ci tarar Trust TV naira miliyan 5, ta kuma ɗora irin wannan tara kan MultiChoice da TSTV da NTA-StarTimes saboda sun ɗauko shirin BBC.

To, wa ya kambama ɗan ta'adda a waccan shekara? Makonni kaɗan kafin tarar, a tsakiyar Yuli, masarautar 'Yandoton Daji ta naɗa wa Ado Aleru rawanin Sarkin Fulani da rana tsaka, a gaban jama'a. Wannan mutum ne da 'yan sandan Katsina suka sa ladar naira miliyan 5 ga duk wanda ya taimaka aka kama shi tun 2020. Ya zo, an naɗa shi, ya koma daji lafiya. An dakatar da sarkin da ya yi naɗin bayan ƙasa ta ɗauki surutu, amma wanda aka naɗa bai kwana a hannun hukuma ba. Kuɗin da aka sa a kan mai kisa, daidai shi aka nema daga hannun masu ba da labarinsa. An bar jaki ana dukan taiki.

Masu wancan ra'ayi suna cewa idan aka hana ɗan bindiga kafar magana, ƙarfinsa zai karye. An gwada wannan. A Satumban 2021 an katse layukan waya a faɗin Zamfara na tsawon makonni, jihar ta shiga duhu, ba mai kiran wani, ba mai aika hoto. Fashin bai mutu ba. A Janairun 2022 aka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Mazauna suka ce an kashe kusan mutum 200, gwamnatin jiha ta ce 58. Tsakanin waɗannan alƙaluma biyu akwai gawarwakin mutane masu suna da iyali, kuma ɗan jarida mai kyamara ne kaɗai zai iya zuwa ya tantance. Idan aka ɗaure masa hannu, lissafin hukuma ne zai tsaya, bazawarar da ta binne mijinta kuwa babu mai jin ta.

Turji da Aleru ba sa buƙatar Trust TV don mutanen Shinkafi ko Tsafe su san su. Waɗannan mutane sun san su ta harajin noma da ake karɓa kafin a shiga gona, da kuɗin fansa da ake sayar da shanu a haɗa. Wanda bai san su ba shi ne mai zaune a Abuja da Legas, mai rattaba hannu kan kasafin tsaro. Shirye-shiryen nan biyu shi suka kai wa labari. Sun nuna masa yara ƙanana riƙe da bindigogi, sun nuna asibiti cike da masu raunin harsashi, sun fito da rikicin 'yan sa-kai da Fulani makiyaya wanda ake rufewa da kalma ɗaya. A cikin shirin BBC wani jagoran 'yan bindiga ya yi iƙirarin cewa an biya su kuɗi kafin sakin 'yan matan makarantar Jangebe da aka sace, alhali gwamnati ta ce ba ta biya ko sisi ba. Wannan zargi bincike yake buƙata, amma abin da ya biyo baya takardar tara ce.

Haɗarin tallata ɓarna gaskiya ne, sai dai ba a nan yake ba. Yana cikin bidiyon da 'yan bindiga ke ɗauka da kansu su watsa a TikTok da WhatsApp, suna baje kuɗi, babu mai tambaya, babu mai musu. Ɗan jarida yana tsare mai laifi da tambaya, ya kuma juya ya ba wanda aka zalunta dama. Idan aka kori ɗan jarida daga daji, bidiyon ɗan bindiga ne zai rage shi kaɗai a wayoyin matasanmu.

Sauran watannin 2022 sun nuna inda wannan sanda ke ƙarewa. Ranar 19 ga Agusta NBC ta sanar da soke lasisin tashoshi 52, ciki har da AIT da Silverbird da gidajen jihohi da dama, kan bashin naira biliyan 2.66, kafin daga baya ta dakatar da matakin. A Oktoba gwamnatin Zamfara ta ba da umarnin rufe NTA Gusau da Gamji TV da Al'umma TV da Pride FM saboda sun ɗauki taron jam'iyyar adawa, kuma hujjar da aka kafa ita ce tsaro. Ikon da aka ba hukuma yau don toshe bakin ɗan fashi, gobe da shi za a toshe bakin ɗan hamayya. MultiChoice za ta iya biyan miliyan 5 ba ta girgiza ba; ƙaramar tasha a Gusau ko Sakkwato da ke fama da kuɗin man janareta, abin da za ta koya shi ne ta daina tura wakili ƙauye.

A Mayun 2023 Mai Shari'a James Omotosho na Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ya yanke cewa NBC ba kotu ba ce, ba ta da hurumin cin tara. Hukuncin ya yi daidai, amma kotu ba ta iya cire tsoro daga zuciyar edita. Wannan aikin masu kallo ne, musamman mu 'yan Arewa da ake kashe danginmu. Duk ranar da aka hukunta tasha don ta nuna halin da ƙauyukanmu ke ciki, mu tsaya mata, mu kuma tambayi hukuma abu ɗaya: mutumin da ɗan jarida ya iske da kyamara, me ya hana ku iske shi da sammaci?