Tsohuwar Amfilifaya Mai Bawul: Kayan Kiɗa Ce Ko Kayan Ajiya?

A cikin shekarar 1948, a garin Fullerton na jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, wani mutum mai suna Leo Fender, wanda ya soma sana'a da gyaran rediyo, ya fito da wata 'yar ƙaramar amfilifaya domin masu koyon kiɗan jita. Ya sa mata suna Champion, daga baya aka gajarta sunan ya koma Champ. Samfurin da aka fi sani, watau na ƙarshen shekarun 1950, bai wuce ɗan akwati da yaro zai ɗauka da hannu ɗaya ba: ƙarfinsa wat 5, bawul uku a ciki, lasifika mai faɗin inci 8, da maɓalli guda ɗaya tak, wanda shi ke kunnawa, shi ke ƙara murya. Ita ce mafi araha a cikin kayan kamfanin. Yau kuwa, wadda ta tsira daga wancan zamani ta fi sabuwar amfilifayar transista mai wat 100 tsada nesa ba kusa ba.

Wannan tsada ta raba masu mallakar irin waɗannan akwatuna gida biyu. Akwai masu ajiya, waɗanda ke ganin kowace waya da kowane ɗigon darma na ciki abin tarihi ne, ba a taɓawa. Akwai kuma makaɗa, waɗanda suka saye ta domin su kaɗa. Gaskiya tana wajen makaɗan. Daɗin muryar wannan akwati ya fito ne daga tsarin da aka bi wajen haɗa shi, kuma ɗalibin aji biyar na sakandare zai iya fahimtar tsarin, har ya auna shi. Shekarun da akwatin ya yi a duniya ba su ƙara masa komai ba, illa lalacewar waɗansu sassa da haɗarin lantarki.

Kafin a je ko'ina, ya kamata a san mene ne bawul, tun da yawancin matasan yau ba su taɓa ganin rediyon da ake jira ya yi zafi kafin ya yi magana ba. Bawul kwalba ce ta gilashi wadda aka zuƙe iskar cikinta. A tsakiyarta akwai ɗan ƙarfe da ake kira katod, wanda wata siririyar waya ke gasawa har ya yi ja. Idan ya yi zafi sai ya riƙa sakin ilektiron. A kewaye da shi akwai farantin ƙarfe mai ɗauke da lantarki na bolt ɗaruruwa, wanda ke janyo ilektiron ɗin zuwa gare shi. John Ambrose Fleming na Ingila ya ƙirƙiro wannan a 1904. A 1906 Lee de Forest na Amurka ya ƙara abu na uku, wata 'yar raga ta waya, wadda a ƙarshe aka kafa ta tsakanin katod da faranti. Ragar nan kamar mai tsaron ƙofar gari take: ɗan ƙaramin canji a lantarkin da ke kanta yana rage ko ƙara yawan ilektiron da ke wucewa ƙwarai da gaske. To, lantarkin da tsirkiyar jita ke haifarwa a cikin maganaɗisun da ke ƙarƙashinta bai cika wuce kashi ɗaya ko biyu cikin goma na bolt ba. Shi ake kaiwa kan ragar bawul na farko, mai lamba 12AX7, ya ninka shi. Daga nan ya wuce ga bawul na biyu, 6V6, mai ba da ƙarfin da zai girgiza lasifika. Na ukun, 5Y3, ba ruwansa da sauti. Aikinsa kawai shi ne ya mai da lantarkin bango, mai kai-da-kawowa, ya zama mai tafiya hanya ɗaya.

Burin injiniya a kullum shi ne abin da ya shiga amfilifaya ya fito yadda yake, sai dai ya fi ƙarfi. Duk wani canji da ya samu siffar sautin, a wurinsa aibi ne. Amma kowace amfilifaya tana da iyakar da ba ta iya wucewa, kuma a bakin wannan iyaka ne labarin yake. Tsirkiyar da ke girgiza sau 440 a sakan ba wannan sauti kaɗai take fitarwa ba. Tana tafe da waɗansu ƙananan sautuka masu girgiza sau 880, da 1320, da 1760, haka har sama, watau ninki biyu, ninki uku, ninki huɗu. Yawan waɗannan ninke-ninke da ƙarfinsu shi ne ke sa kunne ya bambanta algaita da sarewa ko da muryar da suka busa ɗaya ce. Idan aka matsa wa amfilifaya ta wuce iyakarta, sai ta soma yanke kawunan igiyar sautin, kuma yankewar tana haifar da sababbin ninke-ninke waɗanda ba su cikin tsirkiyar tun asali.

Amfilifayar transista da aka saba yi domin rediyo ko majami'a tana riƙe sauti garau har zuwa iyakarta, sa'an nan ta datse kan igiyar farat ɗaya, kamar an sa wuƙa. Irin wannan datsewa tana haifar da ninki na biyar, da na bakwai, da na tara, masu ƙarfi. Ninki na bakwai na 440, alal misali, shi ne 3080, kuma bai faɗa kan kowace murya ta matakan kiɗan Turai ba, don haka kunne ke jin sa kamar ƙarar tsagewar kwano. Champ kuwa, da yake bawul ɗaya ne ke ɗauke da dukkan igiyar a matakin ƙarshe, tana lanƙwasa kan igiyar a hankali, kuma gefe ɗaya yana riga ɗayan lanƙwashewa. Wannan rashin daidaito shi ke haifar da ninki na biyu, wanda shi ne muryar asali a mataki na sama, kamar yadda yaro da babba kan rera waƙa ɗaya tare. Bugu da ƙari, 'yar lasifikar ba ta iya fitar da sautuka masu tsinin gaske, saboda haka tana tace mafi yawan abin da zai soki kunne. A 1973 wani injiniyan ɗaukar sauti, Russell Hamm, ya buga bincike a mujallar ƙungiyar injiniyoyin sauti ta Amurka, inda ya nuna cewa bambancin bawul da transista yana bayyana ne musamman idan an matsa musu sun wuce iyaka.

Abin da ya fi burge makaɗi shi ne, wannan lanƙwasa tana bin hannunsa. Ya taɓa tsirkiya a hankali, sauti ya fito tas. Ya doke ta da ƙarfi, ya fito da gurnani. Wanda ya taɓa lura da ɗan ƙarfen nan mai zobba da ake maƙalawa a wuyan garaya domin ya riƙa kaɗawa tare da tsirkiya, ba zai yi mamakin makaɗin da ke neman ɗan ƙura a cikin sautinsa ba.

To, me ya sa sai ƙarama? Amsar tana cikin lissafi. Kunne ba ya jin ƙarfin sauti daidai da yawan wat. Sai an ninka wat sau goma, watau ƙarin desibel 10, kafin mutum ya ji kamar ƙarar ta ninka sau biyu. Ke nan amfilifaya mai wat 5 tana ba da kusan rabin ƙarar mai wat 50, idan lasifikarsu iri ɗaya ce. Amma mai wat 50 ba ta kaiwa bakin iyakarta sai ta cika babban zaure da ƙara, alhali ƙaramar tana kaiwa a cikin ɗaki. Wannan ne ya sa masu ɗaukar faifai suka so ta. Eric Clapton ya yi amfani da Champ lokacin ɗaukar faifan Layla a Miami cikin 1970, kuma mai sauraro ba zai taɓa zaton daga akwatin 'yan koyo sautin ya fito ba, domin makirfo ba ya ganin girman akwati. Tun kafin nan, a 1964, Dave Davies na ƙungiyar Kinks a Landan ya sa reza ya tsaga takardar lasifikar wata 'yar amfilifayarsa ƙirar Elpico domin ya samu sauti mai kaushi. Mutanen nan ba su ɗauki akwatunansu abin ado ba.

A nan akwai gargaɗi, domin kalmar "ƙarama" tana yaudara. Lasifikar da ke ba da desibel 95 da wat ɗaya a nisan mita ɗaya za ta ba da kimanin 102 da wat 5. Ƙa'idar da masana lafiyar ma'aikata ke bi ita ce awa 8 a desibel 85, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. A desibel 100 minti 15 ne kawai ya rage. Wanda ya zauna gaban akwatin ya murɗa maɓalli har ƙarshe na awa biyu, kunnensa ne zai biya.

Masu suka suna da hujjoji, kuma ba na banza ba ne. Na farko, bawul almubazzari ne. Wayar da ke gasa 5Y3 tana shan amfiya 2 a bolt 5, watau wat 10. Ta 6V6 tana shan amfiya 0.45 a bolt 6.3, ta 12AX7 kuma amfiya 0.3. Ɗalibi ya tara, zai samu kusan wat 15 sun tafi a zafi kawai, kafin a fitar da ko ƙwayar sauti, duk domin a samu wat 5. Saboda irin wannan ne transista, wadda aka ƙirƙiro a ɗakunan binciken Bell a 1947, ta kori bawul daga rediyo da talabijin da kwamfuta. Na biyu, bawul yana ƙarewa, masana'antun da ke yin sa kuma 'yan kaɗan ne, a Rasha da Sulobakiya da Sin; da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukiren a 2022, sai ya yi wuyar samu, kuɗinsa ya tashi. Na uku, tun daga 1998 da kamfanin Line 6 ya fito da na'urar POD, kwamfuta ta yi nisa wajen kwaikwayon muryar bawul, har makaɗa da yawa sun koma gare ta. Wannan hujja ta uku, in an duba, tana goyon bayan abin da aka faɗa tun farko: da a ce sirri ne a cikin kwalbar, da lissafi bai kama shi ba. Abin da kwamfutar ba ta bayarwa shi ne na'urar da mutum zai buɗe bayanta ya bi kowace waya da ido, ya san aikin kowane sashe. Taswirar lantarkin Champ ba ta cika shafi ɗaya na littafin rubutu ba. Malamin fizik da ya zana ta a allo ya samu darasin taransifoma, da na dokar Ohm, da na igiyar sauti, duk a wuri guda.

Inda masu ajiya suka fi kuskure shi ne batun gyara. A cikin akwatin akwai kafasita masu ɗan ruwan sinadari, waɗanda ke tace lantarkin da 5Y3 ya fitar. Bayan shekaru ruwan yana bushewa, sai amfilifaya ta soma wani gunji mara yankewa, wani lokaci ma kafasitar ta fashe ko ta jawo ƙonewar taransifoma, wanda shi ne sashen da ya fi wuyar mayarwa. Mai ajiya yana gudun canja kafasita don kada kuɗin akwatin ya faɗi, ya manta cewa Leo Fender da kansa mai gyara ne, kuma ya shirya kayansa yadda za a cire sashe a sa wani cikin sauƙi. Haka kuma tsofaffin amfilifayoyin Amurka suna da filogi mai ƙafa biyu, ba su da wayar ƙasa, sai wata kafasita da aka haɗa tsakanin lantarkin bango da jikin ƙarfen akwatin. Ranar da ta lalace, lantarkin bango yana iya bin wayar jita ya isa tsirkiyar da ke hannun makaɗi. Waɗansu masu arha na wancan zamani ma ba su da taransifomar da ke raba su da bango sam. Ba tatsuniya ba ce: Leslie Harvey ya mutu a kan dandali a Swansea cikin 1972 da ya taɓa makirfon da ba a haɗa da ƙasa ba, Keith Relf kuma ya mutu a gidansa a 1976 yana riƙe da jitar lantarki. Filogi mai ƙafa uku da cire waccan kafasita su ne aikin farko ga duk wanda ya mallaki irin wannan akwati, ko da mai saye na gaba zai ɓata rai.

Gyaran kuwa na ƙwararre ne. Farantin 6V6 yana ɗauke da fiye da bolt 300, kuma kafasitocin tacewa suna iya riƙe lantarki bayan an zare filogi. Ɗalibi ya yi nazarin taswira, ya auna igiyar sauti daga wajen lasifika a gaban malaminsa, amma kada ya sa yatsa cikin akwatin. Ba a kuma kunna amfilifayar bawul ba tare da lasifika a haɗe ba, domin taransifomar da ke tsakanin bawul da lasifika tana iya ƙonewa idan ba ta da inda za ta sauke ƙarfinta. Wanda kuma irin wannan akwati ya faɗo hannunsa a Kano ko Zinder, ya duba rubutun da ke bayansa tukuna: na Amurka an yi su ne domin bolt 110 zuwa 120, lantarkin Nijeriya da Nijar kuwa bolt 220 zuwa 230 ne, don haka sai da taransifomar rage ƙarfi a tsakani.