Gudun Famfalaƙi Ba Aikin Rana Ɗaya Ba Ne

A watan Nuwamba na 2020 aka yi tseren gudun famfalaƙi na kilomita 21 a garin Kaduna, watau rabin babban tseren nan mai kilomita 42. 'Yan Kenya ne suka zo na ɗaya, maza da mata. Haka kuma 'yan asalin Kenya da Habasha ke kwashe manyan kyaututtukan tseren Ikko tun da aka soma shi a 2016.

Wannan ba ya nuna cewa samarin Arewa ragwaye ne. Saurayin Janfalan da ke yini a gona, ko mai lodin rake a Makarfi da Kudan, ba ƙarfi ya rasa ba, shiri ya rasa. Abebe Bikila na Habasha ya ci tseren Rum a 1960 ba takalmi, amma sai da ya sha horo tukuna.

Mai son kaiwa kilomita 21 sai ya ba kansa wata uku ko huɗu. Ya fara ganin likita, sa'an nan ya soma da kilomita 3 da sanyin safiya, sau uku a mako, yana ƙarawa kaɗan-kaɗan, yana shan ruwa isasshe. Wanda ya afka wa tsere ba shiri, ransa ya sa cikin haɗari.

Saboda haka wajibi ne Ƙananan Hukumomin Ikara, Makarfi da Kudan su kafa tseren shekara-shekara tsakanin makarantunsu, su samo masu horarwa. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.